Gumin Bango: Yadda Laima ke Cinye Motar Tafi-da-gidanka Daga Ciki

A wannan shafi muke kawo muku a rubuce abin da muka tattauna a rediyo. Wanda aiki ya hana shi kama tasha a ranar, ko wanda ya ji amma lissafin ya wuce shi da sauri, to ga shi nan, sai ya bi a tsanake.

Batunmu na wannan karo mota ce, amma irin wadda ake kwana a cikinta. Akwai gado, akwai wurin girki, akwai ɗan banɗaki, da kabad na ajiye kaya, duk a bayan kujerar direba. Faransawa na ce mata kampin-kar. Mu kuwa mun daɗe muna cewa kotun tafi-da-gidanka da asibitin tafi-da-gidanka, to ga wadda sunan ya fi dacewa da ita, don ita kam gidan ne ɗungurungum a kan taya. A Jamus da Faransa da Ingila da Holan iyalai na fita hutu da ita, a Amurka ma har akwai masu zama a ciki dindindin. Duk shekara a ƙarshen watan Agusta ana buɗe babbar kasuwar baje kolinta a birnin Dusaldof na Jamus.

Za ka ce to mu ina ruwanmu? Shekara da shekaru tsofaffin motocin Turai ke tasowa daga tashoshin jiragen ruwa irin ta Antwap a Beljiyam, su sauka a Kwatano da Lome da Tema da Duwala. Jefi-jefi akan ga irin wannan mota a cikinsu, da fenti fes, da farashi mai daɗin ji. Akwai kuma 'yan uwanmu mazauna Turai da ke sayen ta. Abin da ya fi kashe wannan mota kuwa laima ce, kuma sau da yawa injin na nan lafiya ƙalau alhali ɗakin ya riga ya ruɓe. In ba ka san yadda ake gane ta ba, sai ka zuba dukiyarka a kan kyan ɗan maciji.

Yadda aka gina bangonta

Gaban motar, wato inji da wurin direba, na motar ɗaukar kaya ce da ka sani. A Turai an fi gina ta a kan Fiat Ducato, wadda aka fara ƙerawa a 1981, sai kuma Ford Transit da Mercedes Sprinter. Kamfanin da ke gina ɗakin daban yake, shi ne ke ɗora akwati a baya.

Bangon wannan akwati falle uku ne aka manne da gam. Daga waje akwai siririn alminiyam ko roba mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi. A tsakiya akwai farin soso mai hana zafi da sanyi wucewa, irin wanda ake naɗo firji ko talabijin da shi a kwali. Daga ciki kuma siririn katako ne, an lulluɓe shi da takarda mai santsi kamar leda don ado. Dukan kaurin bangon bai fi yatsa biyu ba. A tsofaffin motoci, da ma wasu na baya-bayan nan, akwai sandunan katako da aka jera a cikin bangon, su ne ƙashin da ke riƙe taga da ƙofa da kabad.

Ka lura da wannan tsari da kyau, don a nan matsalar take. Katako ne aka kulle tsakanin ƙarfe da leda. In ruwa ya sami hanyar shiga, ba shi da hanyar fita, iska kuma ba ta kai masa balle ta busar da shi. Shi ya sa wasu kamfanoni suka rage amfani da katako a bango, kamar Bailey na birnin Biristol a Ingila, wanda ya koma haɗa jikin da sandunan alminiyam tun 2009. Amma motocin da ke isowa wajenmu galibi tsofaffi ne, masu ƙashin katako.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Hanya biyu ce. Ko dai ya shigo daga waje, wato yoyo, ko kuma a cikin ɗakin aka haife shi. Bari mu fara da na biyun, don shi ne mutane suka fi mamaki.

Ka taɓa ɗauko kwalbar lemo daga firji a ranar damina ka ajiye? Kafin minti biyu ka ga jikinta ya yi gumi. Kwalbar ba ta huje ba. Ruwan da ke ɓoye a cikin iska ne ya taɓa abu mai sanyi ya koma ɗigo. Haka raɓa ke sauka a kan ciyawa da asuba, haka kuma kwanon rufi ke ɗiga a ɗakin da ba silin da sanyin safiya, alhali ba a yi ruwan sama ba.

Dalili shi ne iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar tururi. Ka ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, tsayi mita ɗaya. In zafin iskar da ke ciki digiri 30 ne a ma'aunin Salshiyas, za ta iya riƙe ruwa wajen giram 30. In ya sauko digiri 20, sai giram 17. A digiri 10, giram 9 da 'yan kai. A digiri sifili, bai kai giram 5 ba. Duk abin da ya haura wannan iyaka, dole iska ta sauke shi, kuma a kan wuri mafi sanyi take saukewa.

To yanzu mu yi lissafin motar. Matsakaiciyar motar tafi-da-gidanka cikinta bai wuce irin wannan akwati guda 20 ba. A digiri 20 ke nan, dukan iskar da ke ciki ba za ta riƙe fiye da giram 340 ba, wajen sulusin lita. Shi kuma ɗan Adam, ko yana barci, yana fitar da ruwa wajen giram 40 a kowace awa ta numfashi da fata. Mutum biyu, barcin awa 8, ka ga giram 640 ke nan, kusan ninki biyu na abin da iskar za ta iya ɗauka. Ba a yi girki ba fa, ba a yi wanka ba. Sannan da dare ya tsala, ɗakin ya yi sanyi zuwa digiri 10, iyakar ta sauko ƙasa da giram 200. Ina sauran zai je? Bango da taga da ƙarƙashin katifa.

Sai kuma wanda ba a cika sani ba: wutar gas kanta tana haifar da ruwa. Duk kilo ɗaya na gas ɗin girki da ya ƙone yana sakin ruwa wajen lita ɗaya da rabi a matsayin tururi. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 za ta ba ka sama da lita 9 kafin ta ƙare, mai kilo 12 da rabi kuwa kusan jarka guda ta lita 20. Ka haɗa da tururin tukunya da buta, da ruwan wanka, da jiƙaƙƙen tawul da rigar da aka rataye a ciki. Ka ga ashe mai motar ne da kansa ke shayar da bangonsa.

Inda raɓar ke sauka

In ɗakin na digiri 20, iskar kuma ta ɗauki kashi 60 cikin 100 na tururin da za ta iya, to duk wurin da sanyinsa ya kai digiri 12 zai fara gumi. A Turai, daga watan Oktoba zuwa Afrilu, dare mai sanyin da ya fi wannan ba abin nema ba ne.

Wuri na farko shi ne gilashin gaban direba. Tagogin ɗakin roba ce falle biyu da iska a tsakani, amma na gaba gilashin mota ne kamar na kowace mota, sanyi na ratsa shi nan da nan. Da safe sai ka tarar ruwa na gangarowa yana shigewa bayan sitiyari, inda wayoyin lantarki suke.

Na biyu, duk inda ƙarfe ya ratso daga waje zuwa ciki: gefen taga, gefen ƙofa, kan kusoshi. Alminiyam na ɗaukar sanyi fiye da soson bango sau dubbai, don haka shi ne gadar da sanyi ke hawa ya shigo.

Na uku, wuraren da iska ba ta yawo: cikin kabad na sama da aka cusa wa kaya, bayan kushin ɗin kujera da ke jingine da bango, kusurwoyi, da gadon nan da ake ginawa a saman kan direba.

Na huɗu kuma, ƙarƙashin katifa. Jikinka na ɗumama ta daga sama, tururi na ratsa soso yana sauka, ya tarar da falankin gado mai sanyi, musamman in a ƙasansa akwai ma'ajiyar kaya da ake buɗewa daga waje. Mutane da yawa ba su taɓa ɗaga katifar ba sai ranar da wari ya ishe su, su tarar ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna.

Yoyo, da yadda za ka bambanta shi da raɓa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jikin wannan mota duk mahaɗa ce: inda rufi ya haɗu da bango, kewayen taga, tagar rufi, wurin da aka huda don eriya ko farantin sola ko maƙalar keke. Kowace mahaɗa an toshe ta da danƙo. Da shekaru suka ja, rana na busar da danƙon, girgizar hanya na motsa shi, sai ya tsage. A ƙasashen sanyi kuma ruwan da ya shiga tsagar yakan daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa girma da wajen kashi 9 cikin 100, sai ta ƙara buɗe tsagar. Akwai kuma yoyon cikin gida, daga bututun famfo ko tsagewar daɓen wurin wanka.

Raba su yana da muhimmanci, don maganinsu daban ne. Raɓa takan bayyana da safe, a wurare da yawa lokaci guda, bayan an kwana a ciki, kuma in ka goge ka buɗe taga sai ta tafi. Yoyo kuwa wuri guda yake kamawa, yakan ƙaru bayan ruwan sama ko wankin mota, yana barin tabo ruwan ƙasa, kuma ko ba kowa a motar yana nan. Ka sani kuma ruwa ɗan yawo ne. Yana iya shiga ta rufi a gaba, ya bi sandar katako, ya ɓullo a ƙasa ta baya.

Ga wani gwaji mai sauƙi. Ka goge wurin da kake zargi ya bushe, ka yanki leda mai kauri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka manna ta da salatif, ka rufe gefunanta huɗu ruf. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka duba. In ɗigon yana kan ledar ta fuskar ɗaki, raɓa ce. In a bayanta yake, tsakaninta da bango, to daga cikin bangon laimar ke fitowa.

Abin da take ci: dukiya da lafiya

Laima ba ta gaggawa. Da fari ɗan wari ne irin na tufafin da suka kwana a jiƙe. Daga nan sai baƙaƙen ɗige-ɗige a kusurwa da labule. Sai takardar bango ta fara ƙuraje ko ta yamutse, gefunan kabad su kumbura, kan kusoshi su yi tsatsa. In abin ya yi nisa, ka danna bango da yatsa ka ji ya lotsa kamar burodi, ka taka daɓe ka ji yana lilo, don gam ya saki fallayen sun rabu. Har alminiyam na waje yakan yi ƙananan huji daga ciki.

Katako ba ya ruɓewa in yana bushe. Ƙwayoyin da ke cin sa sai laimarsa ta haura wajen kashi 20 cikin 100 suke samun wurin zama. Da zarar sandunan ciki sun ruɓe, kusoshin da ke riƙe kabad da taga ba su da abin kamawa. Ka tuna wannan ɗaki ne da ke gudu a kan titi da mutane a ciki. Gyaransa kuma aiki ne na kwance kabad, a ɓare bango, a yanke ruɓaɓɓen katako, a jira ya bushe, a sake ginawa. A Turai, inda ladan ma'aikaci ke da tsada, sau da yawa kuɗin gyaran tsohuwar mota yakan fi kuɗinta. Yawancin kamfanonin inshora kuma ba sa biyan ɓarnar da ta taru sannu a hankali. To ina kake jin irin waɗannan motoci ke ƙarewa? Wasu a wajen masu kwance motoci, wasu kuwa a cikin jirgin ruwa.

Ɓangaren lafiya ya fi wannan nauyi. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan laima da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta nuna cewa masu zama a wuri mai laima sun fi fuskantar tari da shessheƙa da cututtukan numfashi, kuma asma takan tsananta. Yara da tsofaffi da masu ciwon ƙirji su ne a gaba. A ɗan ƙaramin ɗaki irin wannan, hancinka bai fi taku ɗaya ba daga bangon duk tsawon dare.

Akwai wani haɗari da ke rakiyar wannan. Mutum ya ji sanyi, sai ya toshe ƙananan hujojin iska da masu ƙera motar suka bari a ƙasa da rufi, ya kunna murhun girki don jin ɗumi. Ya ƙara ruwa a iska ke nan, sannan ya jawo wa kansa iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, wadda muka sani tana kashe masu kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Waɗannan hujoji ƙa'idar Turai ce ta wajabta su. Kada ka toshe su ko da wasa.

In motar ta iso ƙasashenmu

Wani zai ce ai mu rana gare mu, za ta busar da komai. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma da saura.

A bakin teku, irin su Kwatano da Lome da Duwala, iska a jiƙe take kusan duk shekara. Duwala ma tana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara. Motar da aka kulle ta yi watanni a filin dillalai a can, fumfuna na iya mamaye kujerunta ko ba ta yoyo. Sannan in ka sa na'urar sanyaya ɗaki, lissafin sai ya juye: ciki ne ke da sanyi, tururin kuma daga waje yake. Iskar waje mai laima ta sami tsaga ta shiga bango, ta taɓa bayan katakon ciki da ya yi sanyi, ta sauke ruwanta a inda ido ba ya gani.

A arewa kuwa, su Maraɗi da Zinder da Kano da Marwa, zafin bazara na dafa danƙon mahaɗa har ya farfashe, hanyoyi masu gargada su ƙarasa shi. Ruwan farko na damina da ya zo da iska sai ya tarar ƙofa a buɗe.

Ga kuma tarkon da ya fi kama mai saye. In hunturu ya busa, ruɓaɓɓen katako ma bushewa yake yi. Wari ya ragu, na'urar awo ta nuna komai lafiya. Amma katakon da ya ruɓe ba ya dawowa, sai dai ya zama gari. Don haka a wajenmu yatsanka ya fi na'ura faɗin gaskiya.

Wannan bayani bai tsaya kan motar hutu kaɗai ba. Bas ɗin da aka mayar asibitin tafi-da-gidanka, kwantenar da aka mayar shago ko ofis, da direban babbar mota da ke kwana a kan motarsa da gilashi a rufe, duk doka ɗaya ce ke aiki a kansu.

Kafin ka biya kuɗi

Ka je da rana, kuma ka nemi a bar maka motar a rufe kafin ka iso. Da ka buɗe ƙofa, hancinka ne ɗan aike na farko. In ka ji wari, ruwa ba ya tsami banza. In kuma ka ji an cika ta da turare, ko ka tarar an buɗe dukan tagogi tun kafin ka zo, to ka tambayi kanka dalili.

Ka buɗe kowane kabad, ka haska kusurwoyinsa da tocila. Ka ɗaga katifa da kushin. Ka bi ƙarƙashin kowace taga da kewayen tagar rufi kana dannawa da babban yatsa. Ka ƙwanƙwasa bango: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dif. Ka taka daɓen ko'ina, musamman bakin ƙofa da gaban wurin girki. Ka lura da wurin da aka manna sabuwar takarda ko aka rataye madubi a inda bai dace ba. Daga waje ka duba danƙon mahaɗa, sannan ka leƙa ƙarƙashi ka taɓa gefunan daɓen kusa da tayoyi. Ka duba tsatsa ma, don a Turai ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Akwai 'yar na'ura mai tsinke biyu da ake auna laimar katako da ita. A Ingila masu duba irin waɗannan motoci na ɗaukar abin da bai kai kashi 15 ba a matsayin lafiya. Daga 15 zuwa 20 a sa ido a sake aunawa. Sama da 20 akwai abin bincike, 25 zuwa 30 alama ce ruwa na shiga, abin da ya haura 30 kuwa ana zaton ɓarna ta kai ga ƙashin bango. Sai dai in tsinken ya taɓa ƙarfe ko bangon na da gumi a sama, za ta iya ba ka adadin ƙarya.

Ka nemi takardu kuma. Kamfanoni da yawa na ba da garantin hana shigar ruwa, wasu shekara 6, wasu har 10, bisa sharaɗin a kai motar dubawa duk shekara. In takardun duban suna nan a jere, alama ce mai kyau. In ɗan uwanka ne zai saya maka a can, ka ce ya biya mai duba laima kafin a loda ta a jirgi. Wannan ɗan kuɗin ya fi kuɗin jirgi da na kwastan a kan ruɓaɓɓen akwati.

In taka ce: rigakafi da gyara

Abu uku ne: rage tururi, fitar da shi, da hana bango yin sanyi.

In za ka yi girki, rufe tukunya, buɗe tagar da ke kusa. Bayan wanka ka goge bangon banɗakin, ka rufe ƙofarsa, ka buɗe tagarsa. Kada ka shanya kaya a ciki. Da dare ka bar tagar rufi a ɗan buɗe da wata taga a ƙasa, don iska mai ɗumi sama take yi, ta fita da tururinta. Wani zai ce ana ruwa a waje, ai iskar a jiƙe take. A ƙasar sanyi, ka tuna lissafinmu: iskar digiri 5 ko ta cika maƙil ba ta kai giram 7 ba, in ta shigo ta yi ɗumi sai ta zama busasshiya, ta kwashi ruwan ɗakin.

Wajen ɗumama ɗaki, a yi amfani da na'urar da aka gina a motar, irin su Truma ko Webasto, masu fitar da hayaƙinsu waje. Ɗumi kaɗan mai ɗorewa ya fi a ƙure wuta sannan a kashe. Gilashin gaba kuma a rufe shi da bargonsa na musamman daga waje. In daga ciki ka rufe, gilashin na nan da sanyinsa, tururi zai zagaya ya same shi.

Katifa a ɗora ta a kan falankai masu tazara ko raga mai barin iska ta wuce, a riƙa jingine ta da safe. Duk gumin da ka gani ka goge, ka matse tsumman a waje. Ƙaramin ma'aunin laimar iska ba shi da tsada, ka yi ƙoƙarin riƙe shi tsakanin kashi 40 da 60. In za ka ajiye motar na dogon lokaci, ka zubar da ruwan tankuna, ka buɗe kabad da firji, ka janye kushin daga bango, ka riƙa zuwa kana buɗe ta a ranar da gari ya bushe. Kada ka naɗe ta da tamfol ɗin leda ruf, zai kulle laimar a ciki. Rumfa mai iska ta fi.

Fumfunar da ke sama-sama ana wanke ta da ruwan sabulu ko ruwan bilic da aka sirka, wanda wasunmu ke kira jabel, da safar hannu da takunkumi, tagogi a buɗe. Kada ka haɗa bilic da binega ko wani maganin wanki, yana tayar da iska mai guba. Soson da fumfuna ta ratsa cikinsa kuwa, a yar da shi kawai.

In yoyo ne, sai an gano bakinsa. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa da tiyo a hankali, ya faro daga ƙasa yana hawa. In an gano, a cire tagar ko sandar gaba ɗaya, a kankare tsohon danƙo, a sa sabo irin wanda aka yi don jikin mota. Shafa silikon na banɗaki a kan tsaga ɓata lokaci ne, yakan saki, kuma wani danƙon ba ya kamawa a inda ya taɓa. Kada kuma kafinta ya rufe jiƙaƙƙen katako da sabon falle, sai ya bushe sarai. Sannan duk shekara, kafin damina ta faɗi, ka sa tsani ka duba rufin da idonka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Wanda ke da tambaya a kan wannan batu, ko makaniki ko kafintan da ya taɓa buɗe bangon irin wannan mota yana da abin da zai ƙara mana, ƙofarmu a buɗe take, ya aiko mana kamar yadda aka saba, za mu karanta a shiri na gaba.